Daga Kwanar Dangora zuwa kasuwar duniya: Ina makomar dajin Falgore a yarjejeniyoyin cinikin Najeriya?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora. A nan titi ke rabuwa gida biyu. Ɗaya ya miƙe zuwa Kaduna da Abuja, ɗayan ya karya zuwa Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ya nufi Jos.

Da zarar kaka ta yi, motoci ba sa yankewa a wannan kwana, ɗauke da masara da shinkafa da waken suya da rake. A gefen titi kuma ga buhunan gawayi da tarin itace suna jiran mai saye.

Manomin da ya loda waɗannan kaya bai taɓa zama a teburin da ake ƙulla yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashe ba. Amma abin da aka sa wa hannu a can yana da tasiri kan farashin buhunsa da irin maganin da zai fesa a gona, har da ko bishiyar da ke bakin gonarsa za ta kai baɗi a tsaye.

A shekaru goma da suka wuce Najeriya ta shiga wasu yarjejeniyoyi, ta ƙi shiga wasu, ta rufe iyaka ta buɗe, ta hana fitar da wasu kaya ta sake halattawa. Kusan duk muhawarar da aka yi a kai ta tsaya ne kan haraji da dala da farashin abinci. Ba a cika tambayar abin da matakan za su yi wa daji da ƙasar noma da ruwa ba, alhali su ne jarin da cinikin ya dogara da shi.

Me ya sa kudancin Kano ke da muhimmanci?

Ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji na cikin yankin da ya fi samun ruwan sama a Jihar Kano, shi ya sa masara da shinkafa da waken suya ke yi sosai a can.

A yankin ne kuma dajin Falgore yake, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000. Kogin Kano na ratsa dajin kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako.

Daga Tiga ake ba gonakin rani na Kadawa da Kura ruwa. Daga kogin ne birnin Kano ke samun wani kaso na ruwan sha, sauran kuma ya gangara zuwa Haɗeja.

Saiwoyin itatuwa da ciyawar daji su ke riƙe ƙasa, su rage ƙarfin ruwan sama. Idan aka sare su, ruwa na kwashe ƙasar sama ya tafi da ita kogi, yashi da laka su taru a cikin madatsa, ruwan da take iya ɗauka ya ragu.

Ke nan bishiyar da aka ƙona aka yi gawayi a Doguwa tana da alaƙa da mai noman tumatir a Kadawa da mai buɗe famfo a cikin birni.

Me Najeriya ta sa wa hannu?

Babbar yarjejeniyar ita ce ta ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, wato AfCFTA. An buɗe ta a Kigali a watan Maris na 2018, amma Najeriya ta ja ƙafa saboda ƙorafin masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago. Sai a ranar 7 ga Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Yamai, aka kuma fara aiki da ita a hukumance ranar 1 ga Janairun 2021.

Tsarin shi ne a janye haraji sannu a hankali daga kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya. Kashi 7 za a ba su ƙarin lokaci, kashi 3 kuma ƙasa na iya keɓe su gaba ɗaya.

Yarjejeniyar na da sassa na musamman kan cinikin kaya da ayyuka da zuba jari da gasa da cinikin intanet da kuma mata da matasa. Ba ta da sashe na musamman kan muhalli. Abin da ke ciki shi ne dama ga kowace ƙasa ta ɗauki matakin kare lafiyar mutane da dabbobi da tsirrai ko albarkatun da ke iya ƙarewa, sai wasu tanade-tanade a sashen zuba jari. Amfani da wannan dama ya rage ga ƙasar da ta ga dama.

Akwai kuma yarjejeniyar EPA tsakanin Tarayyar Turai da Afirka ta Yamma, wadda aka kammala tattaunawa a kanta a 2014. Najeriya ta ƙi sa hannu, saboda fargabar kayan Turai za su durƙusar da masana'antun cikin gida.

Sai dai ƙin sa hannun bai fitar da mu daga ƙarƙashin dokokin Turai ba. Duk mai son sayar da kaya a kasuwarsu sai ya bi sharuɗɗansu, da yarjejeniya ko babu.

Darasin wake da fiya-fiya

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya. Dalili shi ne sinadarin DDVP, wanda a kasuwa aka fi sani da fiya-fiya, da ake zuba wa wake don kada ƙwari su cinye shi.

Iyakar da Turai ta amince da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo. A wasu samfuran da aka gwada an samu har miligiram 4.6. Da farko an ce dakatarwar ta shekara ɗaya ce, amma aka yi ta tsawaita ta.

Turai ta kare mutanenta. Waken da ta ƙi karɓa kuwa bai daina samuwa ba, a tukwanenmu yake ƙarewa, a ƙosai da alale da garau-garau. Dokar mai saye tana tace abin da zai shiga ƙasarsa ne kawai, ba ta da ruwa da abin da ya rage a Dawanau ko kasuwar ƙauye.

Akwai wani ɓangare da ke ƙara wa lamarin ɗaci. Magungunan kashe ciyawa irin su farakwat da atirazin an hana amfani da su a gonakin Turai tun kafin 2010, amma kamfanoni a wasu ƙasashen Turai sun ci gaba da sarrafa magungunan da aka hana a gida suna sayarwa ƙasashen waje. Faransa ta haramta irin wannan ciniki daga 2022.

A nan gida, hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben DDVP a 2019, daga baya ta sanar da jadawalin janye farakwat da atirazin daga kasuwa. Sanarwa a Abuja daban, abin da ke kan teburin mai sayar da magani ranar kasuwa daban.

A yankin masara irin Doguwa da Tudun Wada, maganin feshi ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa saboda tsadar ƙwadago. Abin da aka fesa a tudu, ruwan sama na iya gangarar da wani kaso nasa zuwa rafi, rafi kuma Tiga ya nufa.

Maganin matsalar wake kuwa sananne ne. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba komai ba. An daɗe ana tallata shi a Arewa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin da zai sa mai tsabtataccen wake ya sami farashin da ya fi na mai zuba guba.

Dokar Turai kan sare daji

A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar EUDR. Ta shafi shanu da fatunsu, da koko da gahawa da manja da roba da waken suya da katako, har da gawayi.

Dokar ta ce ba za a sayar da waɗannan kaya a Turai ba idan an samar da su a filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disambar 2020. Dole ne mai shigar da kaya ya gabatar da lambobin taswira na gonar da aka noma su. An tsara fara aiki da ita a ƙarshen 2024, amma an ɗage fiye da sau ɗaya bayan ƙorafin ƙasashe da 'yan kasuwa.

A Najeriya hankali ya fi karkata kan koko na Kudu. Amma waken suya da gawayi na cikin jerin, kuma su ne suka shafi kudancin Kano. Fatun awaki da tumaki da majemun Kano suka fi fitarwa ba sa cikin dokar.

Matsalar ita ce yadda kaya ke tafiya a kasuwanninmu. Dillali na sayen mudu biyar a nan, buhu biyu a can, ya haɗa su wuri ɗaya. Kafin mota ta bar Kwanar Dangora zuwa Dawanau ko Legas, hatsin manoma da yawa ya gauraye, babu mai iya cewa wannan ƙwaya daga gonar wane ta fito.

Manyan kamfanoni na da kuɗin auna gonaki da ajiye bayanai. Ƙaramin manomi mai kadada ɗaya ko biyu, wanda gonarsa ta gado ce ba ta da takarda, shi ne zai fara faɗuwa daga layi, ko da bai taɓa sare ko reshe ba.

Sannan dokar ba za ta hana sare dajin ba idan akwai wani mai saye. Waken suyan da Turai ta ƙi zai tafi Asiya, ko kamfanonin mai da na abincin kaji na cikin gida, waɗanda ba sa tambayar inda aka noma shi.

Abin da ya faru da madobiya

Ba sai an yi hasashe ba game da abin da kasuwar waje ke iya yi wa daji cikin ɗan lokaci. Labarin madobiya ya isa misali.

A tsakiyar shekarun 2010, buƙatar katakon wannan bishiya a ƙasar Sin, inda ake yin kujeru da gadaje masu tsada da shi, ta sa aka afka wa dazuzzukan Taraba da Adamawa da Kogi. A farkon 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido. A watan Nuwamban shekarar, ƙungiyar bincike ta EIA ta fitar da rahoton da ya ce an fitar da gungume kusan miliyan 1.4 da darajarsu ta kai dala miliyan 300 ba bisa ƙa'ida ba. A 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya.

Wato yarjejeniyar duniya ce ta taka birki, kuma ta taka ne bayan manyan itatuwan sun riga sun shiga jirgin ruwa. Makiyaya, waɗanda ganyen madobiya ke ciyar da dabbobinsu da rani, na cikin waɗanda suka yi asara ba tare da an biya su ko kwabo ba.

Manufar gwamnati kan katako da gawayi ita ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An hana fitar da su, a farkon 2023 aka sassauta bisa sharuɗɗa, a ƙarshen 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sake sanar da haramta fitar da katako da dangoginsa.

Gaskiya ne cewa akasarin gawayin da ake gani a hanyar Falgore ba jirgin ruwa zai hau ba, murhunan Kano zai shiga. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, gas da kalanzir sun fi ƙarfin gidaje da yawa, aka koma gawayi. Don haka rufe tashar jiragen ruwa kaɗai ba zai ceci Falgore ba muddin girki a birni ya dogara da daji.

Kaɗanya da masara: Yadda farashi ke taɓa daji

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyen kaɗe na wata shida. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ne ya sanar. Hujjar gwamnati ita ce Najeriya na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗen duniya, amma rabonta a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5 bai kai kashi ɗaya ba, saboda ɗanye take sayarwa.

Hujjar na da ƙarfi. Amma an sanar da matakin ne ana tsakiyar kakar kaɗe, farashi ya faɗi cikin kwanaki, kuma matan karkara masu tsinta su ne suka fara ji a jikinsu.

Kaɗanya na ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya sosai, kuma itacenta na cikin waɗanda suka fi yin gawayi mai kyau. Abin da ke sa manomi ya bar ta a gona shi ne amfanin da iyalinsa ke samu daga gare ta duk shekara. Ranar da kuɗin 'ya'yanta ya kasa kuɗin gawayinta, gatari ya kusanto.

Idan hanin ya sa an kafa masana'antun da za su sayi kaɗe da daraja, bishiyar za ta tsira. Idan ya tsaya a karya farashi, to an kare masu sarrafawa ne da kuɗin masu tsinta da kuma ran bishiyar.

Haka lamarin hatsi yake. Rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ɗaga farashin shinkafa, mutane suka rungumi nomanta, aka shiga fadamun da a da makiyaya ke kiwo, injinan ban ruwa suka yawaita. Garuruwa irin Tudun Wada, da suka yi suna wajen gyaran shinkafa, sun amfana.

A watan Yulin 2024 kuma gwamnati ta sanar da janye haraji na kwana 150 kan shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, don sauƙaƙa wa jama'a tsadar abinci. Farashin hatsi ya sauko a 2025, masu saye suka sami sa'ida, amma taki bai sauko ba, manoman masara da dama suka koka da asara.

Manomin da ya kasa sayen taki hanyoyinsa kaɗan ne. Ko ya rage noma, ko ya koma abin da ba ya cin taki sosai kamar waken suya, ko ya nemi sabuwar ƙasa mai ƙarfi a bakin daji, ko ya cike giɓin da gawayi idan rani ya yi. Biyu daga cikin huɗun nan daji ne ke biya.

Wa ke da alhakin me?

A tsarin mulkin Najeriya, ciniki da ƙasashen waje da kwastan da ƙulla yarjejeniya na hannun gwamnatin tarayya. Ƙasa kuwa, bisa dokar mallakar filaye ta 1978, amana ce a hannun gwamnoni, kuma akasarin gandun daji jihohi ne ke kula da su.

Saboda haka wanda ya buɗe ƙofar kasuwa ba shi ne ke gadin daji ba, mai gadin daji kuma ba a cika neman ra'ayinsa kafin a buɗe ƙofar ba.

Dokar tantance tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 ta fi mayar da hankali kan ayyuka irin su hanya da madatsa da masana'anta. Matakin haraji ko hana fitar da kaya, wanda ke iya sauya yadda ake amfani da dubban kadada, yakan wuce ba tare da an fitar da irin wannan bincike ga jama'a ba.

Alƙawura kuwa akwai su. A taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince a kawo ƙarshen asarar dazuzzuka nan da 2030. A shekarar aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Kano na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ke tallafawa don farfaɗo da ƙasar da ta lalace.

Ana kashe kuɗi wajen dashe ta wannan hannu, ta ɗaya hannun kuma ana yanke shawarar ciniki da ke sa a sare. Ga shi ramukan kuza na Riruwai, a cikin Doguwar nan, suna tuna wa mutanen yankin abin da ake bari a baya idan kasuwar waje ta ɗebi abin da take so ta juya.

Mece ce mafita?

Rufe ƙofa ba mafita ba ce. Kano da ciniki aka san ta tun zamanin ayarin raƙuma, kuma AfCFTA dama ce ga mai shinkafa da mai man waken suya su kai kayansu Nijar da Chadi da Kamaru ba tare da harajin da ke cinye riba ba. Talauci ma na cikin manyan abubuwan da ke cinye daji.

Abin da ake buƙata shi ne Najeriya ta riƙa shiga ciniki da nata sharuɗɗan.

Na farko, kafin a hana ko a halatta fitar da wani amfanin gona ko na daji, a binciki tasirinsa kan ƙasa da ruwa da masu noma shi, a wallafa sakamakon, a kuma sanar da matakin kafin shuka. Manomin da ya riga ya zuba taki ba shi da yadda zai janye.

Na biyu, gwamnatin Kano ta auna gonakin da ke kewaye da Falgore, ta shata iyakar dajin a fili, ta ba manoma takardun shaida ta hannun ƙungiyoyinsu da masu unguwanni da dagatai. Wannan aiki ɗaya zai buɗe musu kasuwar da ke neman taswira, ya kuma nuna inda gona ta ƙare daji ya fara.

Na uku, ma'aunin guba a abinci ya zama ɗaya ga na fitarwa da na ci a gida. Ɗakin gwaji a Dawanau da sa ido kan masu sayar da maganin feshi a kasuwannin ƙauye za su fi sanarwa amfani. A tattaunawa da Turai kuma Najeriya na da hujjar neman a daina turo mata abin da aka hana a can.

Na huɗu, a haɗa batun gawayi da batun makamashin girki. Kama mai buhu biyu a kan babur ba zai rage buƙatar birni mai miliyoyin mutane ba. Gas mai sauƙin kuɗi da murhu mai tattalin gawayi da gonakin itace da aka shuka don sara su ne za su rage.

Na biyar, Najeriya, a matsayinta na ƙasa mafi yawan jama'a a Afirka, na da nauyin da za ta nemi a ƙara sashen muhalli a AfCFTA, don kada ƙasashe su shiga gasar sassauta doka saboda jawo masu saye.

Majalisar Dokokin Kano da 'yan majalisar tarayya masu wakiltar Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji na da hurumin tambayar ma'aikatun ciniki da noma da muhalli ko sun taɓa zama tare sun lissafa abin da waɗannan matakai ke jawo wa Falgore da Tiga. Masu zaɓe a yankin su ma na da hurumin tambayar wakilan nasu ko sun yi wannan tambaya.